Riƙon Igiya a Tafoki

A ƙasar Tafoki, zamanin da muka taso, gona daban ce, itatuwan da ke cikinta daban. Mutum zai ba ka aron gona ka yi shekara da shekaru kana noma dawa ko auduga, amma ɗorawar da ke tsakiyarta tana nan a hannunsa, ranar da ta nuna iyalinsa za su zo da kwanduna. In ana rabon gado, ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro suna shiga lissafi tare da tumaki da abin da ke rumbu. Akwai tsohuwar da ta gaji ɗorawa biyu a unguwarmu, da kalwarsu ta riƙa yin daddawa har ta yi wa jikokinta kayan ɗaki.

Abin da ke da mai shi kuwa ba a barinsa haka nan. Wani lokaci reshe ya yi nauyi ya sunkuyo kan ɗaki, wani lokaci inuwa ta yi yawa hatsin da ke ƙarƙashi ya ƙi tashi, wani lokaci kauci ya kama bishiya yana shanye ta a hankali. Maganin duk waɗannan a sama yake. Babu yaron da bai iya ɗare mangwaro ba a garinmu, amma a hau da gatari, a sare reshen da ƙarti uku ba za su iya ɗagawa ba, a sauko da shi bai fasa rufi ba kuma bai tsage uwar bishiyar ba, wannan mutane ƙalilan ne suka iya. Kawuna, yayan Inna, yana cikinsu. Ana zuwa nemansa daga ƙauyukan kewaye, har daga wajen Daudawa da Mairuwa.

Maƙera suna da sarkinsu, mahauta da magina da wanzamai haka. Masu hawan itace ba su da sarki, ba su da rumfa a kasuwa, ba a ma lissafa abin da suke yi cikin sana'o'i. Manomi ne kawai da ake cewa Allah ya ba shi sauƙin jiki da ƙarfin hali. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ƙarfin hali shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da na gani a wurin Kawu. Abin da na gani ilimi ne mai ƙa'idoji, wanda ke tsare ran mai hawa, ya kuma tsare ran bishiyar. Da yake ba mu ɗauke shi ilimi ba, ba mu damu da wanda zai gaje shi ba.

Aikin yana bin shekara. Da kaka, kafin ganye ya zube, a hau kuka a yanko ganyen miya. Da sanyi, bayan an kwashe amfani, sai a rage rassan itatuwan gona, tunda babu shukar da reshe zai danne. Da bazara ɗorawa ta nuna, a shiga kaɗo ta da dogon gora mai ƙugiya. Amma lokacin da Kawu ba ya samun zama shi ne 'yan makonnin da ke gaban ruwan farko. Hadarin farkon damina a wajenmu daga gabas yake tasowa da ƙura da iska mai ƙarfi, kuma shi ke karya duk reshen da ya tsufa ko ya ruɓe. Masu gida sun san haka, sai dai yawancinsu ba sa tunawa sai sun ga gabas ta fara haɗa baƙi.

Ina firamare na fara binsa, a farkon shekarun 1980, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ba hawa ya fara koya mini ba, igiya ya miƙo mini.

"Ɗan nan," ya ce, "in ina sama, ba ka da wani abin kallo sai ni. Ko Innarka ce ta kira ka, kada ka amsa sai na sauko."

"To, Kawu."

"Kuma kada ka taɓa naɗe igiya a hannunka. Ka naɗe ta a jikin icce."

Aikin na ƙasa ya fi yadda ake zato yawa. Shi ke korar yara da awaki da kaji daga gindin bishiya, shi ke lura da iska in ta juya, shi ke ɗaura gatari a siririyar igiya a ja shi sama bayan mai hawa ya samu wurin zama. In za a sauko da babban reshe, sai a jefa igiya ta ratsa wata gwafa da ke can sama da shi, a ɗaure reshen da baki ɗaya, ɗayan bakin kuma a zagaya shi sau biyu ko uku a gindin wata bishiya da ke gefe. Gogayyar igiya da ɓawo ita ke ɗaukar nauyin, shi ya sa yaro zai iya sauko da abin da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. In reshen ya wuce misali, sai a ƙara mini babban mutum a bayana. Kalmomin da ke tsakaninmu uku ne: riƙe, sassauta, saki. Ban da su Kawu ba ya son jin muryar kowa, kuma na sha ganin ya dakatar da aiki don wani ɗan kallo ya cika ba da shawara daga ƙasa.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba. Gatari biyu, babba na ƙasa da ƙarami mai gajeriyar ƙota na sama. Adda. Barandami da ya saya a hannun Fulani. Igiyar rama da ya tuƙa da hannunsa, da turakun ƙirya na hawan kuka. Gatarin maƙerin gari ne ya ƙera daga ƙarfen sifirin mota. Irin gatarinmu kuwa ruwansa a soke yake cikin kan ƙota, in ƙotar ta bushe ta saki, yana iya fita yana tsakiyar sara ya tafi inda ya ga dama. Don haka daren da za a yi aiki Kawu yakan jiƙa kan ƙotar a ruwa ta kumbura ta kama ƙarfen. Da asuba ya zauna wasa shi a dutse. Yana cewa gatari mai dakushi ya fi mai kaifi haɗari, domin mai kaifi yana shiga inda aka aike shi, mai dakushi kuwa dawowa yake yi. Igiyar ma kafin kowane aiki sai ya bi ta da yatsu taƙi bayan taƙi, yana neman inda ɓera ya taɓa ko inda ta fara saki. A rataye take kwana, nesa da gara da laima, kuma ko Inna ta aiko aro don jan ruwa a rijiya ba ya bayarwa.

Amma kafin kayan aiki akwai karatun bishiyar, kuma nan ne na fi jin takaicin abin da muka rasa. In mun isa wuri Kawu ba ya hawa nan take. Sai ya zagaya bishiyar a hankali, kansa a ɗage. Ya buga gindinta da bayan gatari ya saurara: mai lafiya amonta a dunƙule yake, mai rami a ciki kuwa amonta a sake yake fita. Ya duba ko gara ta yi gini a jikinta, ko baƙin ruwa na tsiyaya daga wata gwafa, ko akwai reshen da ganyensa ya bambanta da na sauran. Ya tsaya ya ga ko ƙudan zuma na shiga wani kogo suna fita, ko rina ta yi gida a ƙarƙashin ganye. Zuma da rina sau da yawa ba dafinsu ke kashe mai hawa ba, firgita ce ke sa ya saki hannu. Sai ya gama duk wannan zai tuɓe riga da hula da takalmi, ya ɗaure wandonsa tamau, ya yi bismillah.

Kowace bishiya da halinta, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya. Tsamiya mai amana ce, siririn reshenta ma yana ɗaukar mutum, sai dai taurinta na cinye bakin gatari. Kuka ba ta rungumuwa, jikinta sulɓi, namanta kuma taushi, don haka sai an kafa turaku ana takawa. Turakun bara da ake gani a jikinta Kawu ba ya yarda da su ko sun yi kyan gani, sababbi yake kafawa, domin naman kuka yana ruɓewa a kewayen tsohon turke. Rimi tsawo gare shi da girman rassa, amma itacensa gautsi ne, babban reshe zai ɓalle ba tare da ya yi ƙarar gargaɗi ba. Gawo ƙaya. Maɗaci gangar jikinsa doguwa ce kafin a kai ga reshen farko, ga masu magani sun sassaƙe ɓawonsa ta ƙasa. Darbejiya baƙuwa ce, a 1928 aka fara kawo ta ƙasar Barno daga baya ta bazu, kuma ita ce mafi haƙuri da sara, ko an yi mata ƙwal sai ta sake tofo. Giginya kuwa ba ya hawanta sam, ya ce ba ta da wurin hutawa, in ƙarfinka ya ƙare a tsakiya ba ka da inda za ka jingina.

Wadda ya fi yi mini kashedi a kanta ita ce ɗorawa, duk da ita ce ta fi kowace sauƙin hawa. Rassanta a baje suke, 'ya'yanta kuma a can bakin reshe suke rataye. Mutum yana zaune lafiya a kusa da gangar jiki, sai ya hango wani tuli mai kyau da ƙugiyarsa ta kusa kaiwa, ya matsa kaɗan, ya ƙara matsawa. Yawancin waɗanda na ji sun faɗo a ƙasarmu daga ɗorawa ne ko mangwaro, ba daga rimi ba. Rimi tsoronsa ake ji tun daga ƙasa.

Saran kansa ƙa'ida gare shi. Ba a fara wa reshe ta sama. Ta ƙasa ake fara sara, a ci kamar sulusin kaurinsa, sannan a koma ta sama a ɗan gaba kaɗan. In aka yi haka reshen zai karye a tsakanin saran biyu ya rabu tsaf. In kuwa aka fara ta sama, nauyinsa zai ja shi tun bai gama yankuwa ba, ya ɓare ɓawon uwar bishiyar har ƙasa, wani lokaci ya yi wurgi da wanda ke tsaye a kai. Bayan reshen ya sauka sai a dawo kan kututturen da ya rage a gyara shi, amma ba a shafe shi daidai da gangar jiki. Akwai wani ɗan kumburi a inda reshe ya haɗu da uwa, Kawu yana kiransa wuya, kuma ba ya taɓa shi. Ya ce ta nan bishiya ke rufe ciwonta. Saran kuma a karkace yake barinsa don kada ruwan sama ya kwanta a kai.

Wata shekara wata dattijuwa ta aiko a kira shi kan wani ɗurumi da reshensa ya haye ɗakinta. Tsoro ya hana ta barci tun da aka fara iska.

"Ɗana," ta ce, "ka kayar da shi gaba ɗaya in huta."

"Iya, reshe biyu ne ke damun ki. In na kayar da shi, ina za ki riƙa kaɗi da rana? Ki bar ni in rage masa, in baɗi ya sake matsowa ki aiko."

Aikin ya ci wuni guda, domin gunduwa gunduwa ya riƙa yanka reshen daga baki yana dawowa, kowace gunduwa a sauko da ita da igiya ta gefen katanga. Kayarwa da ta fi masa sauƙi, ta kuma fi masa samu, tunda ladan aikin yawanci kaso ne na itacen da aka sare, sai ɗan abin da aka ɗora a kai, tiyar kalwa ko ta dawa, da furar da aka dama wa ma'aikata. Bai kayar ba, kuma ban taɓa ganin ya kayar da ɗanyar bishiya mai 'ya'ya ba.

Akwai lokutan da ba ya hawa ko nawa za a ba shi: bayan ruwa kafin ɓawo ya bushe, ko ana iska, ko da yammacin azumi, ko in ransa a ɓace yake. Mutanen gari suna cewa ba a hawa tsamiya da kuka da tsakar rana ko da almuru saboda iskoki. Kawu ba ya musu da kowa kan wannan, addu'arsa yake yi, kuma shi ma ba ya hawa a waɗannan lokuta. Ni dai na lura da tsakar ranar bazara jiri ke ɗibar mutum, da almuru kuma ido ba ya bambance busasshen reshe da ɗanye. Ko ta wace ƙofa aka shigo, hanin ya tsare rayuka, kuma ba na cikin masu yi masa dariya.

Ta fuskar hukuma akwai malamin daji, da kakinsa da kekensa. A ƙarƙashin dokar gandun daji ta 1937 En'e ke da ikon keɓe dazuzzuka da hana saran wasu itatuwa sai da izini, bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma aikin ya koma hannun sababbin hukumomi. Rage reshe a gonarka ba ya jawo magana, amma kayar da ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci sai an nemi takarda. Da kunyar gari da tsoron malamin daji, manyan itatuwa suka daɗe a tsaye.

Fulani ma gwanayen hawa ne, kuma Kawu yana girmama su a kan haka. A farin 1984, da ciyawa ta ƙare tun rani bai yi nisa ba, ganyen maɗaci da na gawo ne suka riƙe shanu da yawa. Gawo da rani yake ganye, da damina ya zubar, don haka lokacin da komai ya bushe shi yake kore. Na ga samarin Fulani a ƙwanƙolin maɗaci da barandami, shanu a ƙasa sun ɗaga kai suna jira. A lokacin Arɗo yakan zo ya nemi izinin mai gona, a yi yarjejeniya: ku sassabi ganye, shanunku su kwana a gonar su bar taki. Akan samu saɓani in yaro ya yi wa bishiya mugun sara, amma a zaure ake kashe maganar.

Duk da wannan, kada a ɗauka zamanin ba a faɗowa. Ana faɗowa, kuma mafi yawa yara ne da magidantan da suka hau su kaɗai. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani maƙwabcinmu ne mai 'ya'ya ƙanana. An yi yayyafi da dare, da safe ya tafi ɗorawarsa shi kaɗai, don kada ya raba kalwar da kowa a shekarar da abinci ya yi wuya. Yara masu kiwo ne suka tsince shi. Kafin mu isa mutane sun taru, wani na cewa a zaunar da shi, wani na cewa a ja ƙafafun, wani ya kawo ruwa. Kawu ya tambaye shi ko yana jin ƙafafunsa, ya ce ba ya ji. Nan take ya hana kowa taɓa shi, ya sa aka ciro ƙyauren wani ɗaki, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa, sauran suka zura shi a kai a miƙe. A haka aka kai shi bakin titi, aka wuce Funtuwa, daga nan Zariya. Ya rayu, amma bai sake takawa ba, kuma gidan bai sake komawa daidai ba. Babban ɗansa ya bar makaranta a shekarar.

Masu ɗorinmu sun iya karayar hannu da ta ƙafa, na ga aikinsu da idona. Ƙashin baya da na wuya kuwa ba nasu ba ne, na asibiti ne, irin na koyarwa da ke Zariya ko na ƙashi da ke Dala a Kano. Kuma sau da yawa ba faɗuwar ce ke gama lalata lakar ba, ɗaukar da aka yi wa mutum ce, a naɗe shi a bayan babur ana bin gargada da shi. Wannan abu ɗaya da kowane ƙauye zai sani, da an rage guragu.

A shekarun 1990 na fara jin kukan injin zarto a dajinmu. Da farko baƙi ne ke zuwa da shi, afareta da yaransa, suna yanka katako a wurin da suka kayar da bishiya, a loda a mota a nufi Funtuwa. Maɗaci da kawo da maje da rimi suka fara tafiya. Daga baya 'yan gari suka koya, aka shiga gawayi, ƙirya da marke suka bi baya. Ba na ƙin injin. Abin da gatari ke yi a wuni yana yin sa kafin a sha fura, kuma ya ciyar da gidaje. Abin da ke damuna shi ne yadda ya iso mana tsirara, ba kayan kariyarsa, ba tarbiyyarsa. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda. Ƙararsa ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe ana ji, shi ya sa tsofaffin afaretoci sai an ɗaga murya suke amsawa. In saman bakin ƙarfen ya taɓa wani abu, injin yakan yi tsalle ya dawo wa fuska ko kafaɗar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Babban samfurin nan na Stihl 070 da masu katako ke so, nauyinsa ya haura kilo 10, an ƙera shi ne don aiki a ƙasa. Na ga yaro ya hau mangwaro da irinsa, da silifas a ƙafa, ba igiya a ƙugu, yana riƙe reshe da hannu ɗaya.

Sai da na girma karatu ya kai ni ga sanin cewa a wasu ƙasashe wannan aiki sana'a ce mai takardar shaida. A Ingila mai gyaran bishiya yana hawa ne da ɗamarar da ta kama ƙugu da cinyoyi, a rataye da igiya, da hular kwano, da abin toshe kunne, da ragar kare fuska. Wandonsa cike yake da wasu dogayen zaruruwa waɗanda in sarƙa ta taɓa su sai su cukuikuye ta ta tsaya kafin ta kai ga nama. Injin da yake hawa da shi ƙarami ne, mai birkin da ke tsayar da sarƙa in ya yi tsalle. Suna da dokar aiki a sama ta 2005, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a hawa sai akwai wani a ƙasa wanda ya iya hawa ya sauko da abokinsa in ya ji ciwo. Da duk wannan, suna lissafa aikin cikin mafiya haɗari a ƙasarsu. A Amurka kuma wani masanin itatuwa mai suna Alex Shigo ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana duba cikinsu, ya nuna cewa bishiya ba ta warkar da ciwo yadda jikin mutum ke yi, killace shi take yi, kuma wanda ya shafe kumburin gindin reshe ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Wuyan nan ne da Kawu ba ya taɓawa. Da na karanta haka na yi murna, na kuma ji ciwo, domin a can an rubuta an koyar, a nan kuwa mun bar shi yana bin masu shi kabari.

Yanzu wani haɗarin ya danne na faɗowa. A yankinmu, Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomin da ta'addancin 'yan bindiga ya fi taɓawa. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Dajin Kogo da iyayenmu ke shiga neman itace da zuma ya zama wurin da ba a dosa. Amma tukunya ba ta daina neman wuta ba, ga kalanzir da gas sun fi ƙarfin talaka. Da daji ya rufe, sai gatari da inji suka juyo kan itatuwan gona da na bakin gari. Mutumin da aka nemi kuɗin fansar ɗansa ba zan zarge shi don ya sayar da ɗorawar gado ba. Amma ɗorawa ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara da yawa, kuma wanda ba ya kwana a garinsa ba ya dasa wata.

Samarin da tashin hankali ya koro zuwa Funtuwa da Zariya da Kano, wasunsu wannan aiki suke yi a unguwanni, suna rage darbejiya da mangwaro a gidajen mutane. Sun gaji ƙarfin halin, ba su samu wanda zai ba su sauran ba. Su kaɗai suke hawa, domin kuɗin aikin bai isa a raba biyu ba. Wasu sai sun sha ƙwaya don kada su ji tsoro, alhali tsoron nan shi ke sa mutum ya gwada reshe kafin ya taka. Ga kuma abin da Kawu bai sani ba a zamaninsa: wayar lantarki. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, babbar waya mai bolt 11,000 ko 33,000 kuwa ba sai an taɓa ta ba, kusantarta ma ya isa. Mai gidan da ya sa yaro aiki a kusa da waya bai nemi a kashe wutar layin ba, ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba.

Abin yana gyaruwa in an ɗauke shi da daraja, kuma shaidar tana maƙwabtaka da mu. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a share duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a riƙa gyara su duk shekara. Da wuƙa da adda ake yi. Manomi ya koya wa manomi, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

A Afaka ta Kaduna akwai kwalejin tarayya ta koyar da aikin gandun daji da injuna, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da ma'aikatan daji. Ba abu ne mai wuya ba a tara afaretocin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a koya musu riƙon inji, da ɗaurin igiya, da yadda ake ɗaukar wanda ya faɗo, a kuma sa hular kwano da ɗamara da igiya mai kyau su zama sharaɗin ba da izinin sara. In za a yi, ina roƙon a gayyato dattawan ƙauyukanmu su zauna a gaba tare da malaman. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma wasu daga cikin waɗanda suka riƙe masa igiya kafin ni suna nan da ransu, wasu a gida, wasu a wurin 'ya'yansu a Funtuwa, kuma har yanzu suna iya buga gindin rimi su gaya maka ko zai ɗauki mutum.